Abin da Littattafai Suka Faɗa Mini da Abin da Suka Yi Shiru a Kansa

  

An umurce ni in tsaya gabanku in ambaci waɗansu littattafai da na karanta, in faɗi abin da kowannensu ya bar mini a zuci. Ni kuwa na karɓi umurnin ne bisa sharaɗi guda, watau a ɗauke ni mai karatu kurum, kada a ɗauke ni alƙalin mawallafa, domin wanda ya hau buzun alƙalanci wajibi ne a kansa ya saurari kowane ɓangare, ya nemi shaidu, ya jinkirta hukunci, alhali kuwa mai karatu yana da damar ya ƙaunaci wani littafi ba tare da ya kafa hujja ba, ya kuma rufe wani a tsakiya ya tafi sha'aninsa, ba mai kai shi ƙara. Littattafan kuma ba zan jero su bisa zamani ko bisa fanni ba, sai dai bisa yadda wannan ya riƙa miƙa ni ga wancan.

Mun taso mun iske manyanmu sun kasa littattafai kashi biyu. Akwai na ilmi, su fiƙihu da tauhidi da tarihin magabata, waɗanda ake adanawa cikin gafaka, a buɗe su da ladabi gaban malami. Akwai kuma na hira, waɗanda galibin dattawa ba su ga bambancinsu da tatsuniyar gizo da ƙoƙi ba, har sukan ce da yaron da suka gani da irinsu, me za ka ƙaru da shi cikin labarin abin da bai taɓa faruwa ba? Wannan tuhuma ba a ƙasarmu aka fara ta ba. Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122, mai Muƙamatu hamsin ɗin nan da malamanmu ke karantarwa a zaure domin luga da balaga, sai da ya tsaya cikin gabatarwar littafinsa yana kare kansa daga masu cewa ya ƙaga ƙarya, yana kafa hujja da cewa mutane sun daɗe suna sauraron hikayoyin da aka sa a bakin dabbobi ba wanda ya ce an yi saɓo, kuma da niyya ake auna aiki. Abin da yake ba ni mamaki shi ne, malamin da zai kwaɓi yaro don ya gan shi da littafin hira, shi ne da hantsi zai zauna yana warware wa manyan ɗalibai yadda Abu Zaidi as-Saruji, tsohon maroƙi mai zaƙin baki, yake shiga gari yau da kamar mai wa'azi, gobe da kamar makaho, ya kwashe kuɗin jama'a ya sulale, Harisu ɗan Hammamu na biye da shi yana zarginsa yana kuma jin daɗin fasaharsa. Larabci mai wuya ne ya naɗa wa Abu Zaidi rawani, shi ya sa aka bar shi ya shiga zaure.

Jikan Abu Zaidi a ƙasar Hausa shi ne Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin jagorancin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, daga wannan yunƙuri kuma aka sami littattafai biyar da suka zama harsashin fannin a wurinmu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam a lokacin saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, kuma ƙuruciyar tana nan a kowane shafi. In ka tambayi wanda ya karanta littafin tun yana yaro, da wuya ya tuna maka dalla-dalla yadda aka samo ruwan, amma faufau ba zai manta da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba. Wurin da ya fi zauna mini shi ne gamonsu a gaban jama'a, inda Alhaji, wanda ba shi da karatun kirki, ya zana wani abu a ƙasa ya ce malamin ya karanta, Zurƙe ya karanta shi harafi kamar yadda ilmi ya hukunta, shi kuwa ya ce jinjirin wata ne, mutanen gari suka duba suka ga lalle da wata ya yi kama, suka bi jahili suka kunyata mai sani. Yaro yakan tsaya a dariyar. Babba kuwa, wanda ya halarci tarurruka ya ga yadda ake yanke mas'ala da yawan ihu, yakan ji ɗacin da ke ƙarƙashinta. Magana Jari Ce, mai juzu'i uku, wanda ya fara fitowa a 1937, ya fi shi gogewa da tsari nesa ba kusa ba, amma don makarantu aka shirya shi, kuma jifa-jifa nakan jiyo muryar malamin aji a bayan muryar akun da ke ba da labaran. Saboda haka na fi komawa ga na farkon.

To, in littafin hira na iya ɗaukar gaskiya, littafin ilmi ma na iya ɗaukar akasinta, wanda kuwa ya bayyana mini wannan ƙarara shi ne Ibnu Haldun, haifaffen Tunis, wanda ya keɓe kansa a Ƙal'atu Ibni Salama, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta Muƙaddima a 1377. Ba littafi ba ne mai saurin haɗiyuwa, akwai babobin da na ratsa su da gaggawa, musamman inda ya shiga zancen taurari da sirrin haruffa. Amma farkonsa, inda yake lissafa ƙofofin da ƙarya ke bi ta kutsa cikin tarihi, su ta'assubanci ga ra'ayi, da yawan amincewa da mai kawo labari, da neman fada wurin masu mulki ta hanyar yabo, da jahiltar ɗabi'ar al'amura, wannan ya cancanci a karanta wa duk wanda zai riƙe alƙalami. Ku dubi yadda ya yi da riwayar Mas'udi da waɗansunsa, cewa mayaƙan Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salam, sun kai 600,000. Bai tsaya ga tambayar wa ya ruwaito daga wa ba, sai ya tambaya, wace ƙasa ce za ta ciyar da runduna irin wannan, wane fili ne zai ɗauke su in sun yi sahu, yaya zuriyar mutum guda za ta kai haka cikin 'yan kakanni kaɗan, alhali Farisawa, da mulkinsu ya fi girma ƙwarai, abin da suka tara a Ƙadisiyya 120,000 ne? Ma'aunin da aka saba da shi shi ne adalcin mai riwaya, shi kuwa ya ƙara da na biyu, watau ko abin da aka ruwaito yana yiwuwa a al'adance.

Sai dai bai bar mai karatu ya zama mai musun kome ba. Ya ba da labari cewa a zamaninsa wani shehi mutumin Tanja ya komo Fas bayan doguwar tafiya, yana ba da labarin kyautar Sarkin Dilli ta ƙasar Hindu, har mutanen fada suka riƙa raɗa cewa ƙarya yake yi. Ibnu Haldun ya kai zancen ga wazirin sarki, shi kuwa ya gargaɗe shi da hikayar ɗan wani waziri da ya girma cikin kurkuku tare da ubansa, bai taɓa ganin wata dabba ba sai ɓera, saboda haka duk dabbar da uban ya siffanta masa, tunkiya ce ko raƙumi, sai ya ɗauka wani jinsin ɓera ne. Wannan shehi da ake tuhuma shi ne Ibnu Batuta, kuma ta nan na shiga Rihlarsa.

Ibnu Batuta abokin tafiya ne mai daɗin hira mai wuyar hali. Ya bar Tanja a 1325, ya yi kusan shekara talatin yana yawon duniya, a ƙarshe ya ƙetaro hamada ya zo Mali a 1352, ya koma ya yi wa Ibnu Juzayyi shifta bisa umurnin Sarki Abu Inan. Mutum ne mai son girma, mai auna kowane sarki da nauyin kyautarsa, har ya kasa ɓoye takaicinsa sa'ad da Mansa Sulaiman ya aiko masa da gurasa uku da soyayyen nama da ƙwaryar nono, shi kuwa yana sa ran riguna da zinariya. Duk da haka ya yi wa mutanen insafi, ya yabi amincin hanyoyinsu, da ƙyamarsu ga zalunci, da cikar masallatansu ran Juma'a, da himmarsu ga haddar Alƙur'ani. Daga nan ya zo Takadda, wajen Azbin, cikin ƙasar Nijar ta yau, ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir da Barno. Sa'an nan, da ya tashi komawa a 1353, sai ya faɗa, a taƙaice ƙwarai, cewa ayarin da ya bi zuwa Tuwat yana ɗauke da kuyangi wajen 600, ya wuce zuwa zancen hanya da guzuri. Mutumin da ya ɓata layuka yana kukan gurasa uku, mata ɗari shida ba su samu daga gare shi ba sai adadi. Ban ce ya yi ƙarya ba, ma'aunan Ibnu Haldun duka biyu sun gaskata shi. Amma tun daga wannan wuri na ƙara wa kaina tambaya ta uku da nake yi wa kowane littafi, na ilmi ne ko na hira: wane ne mawallafi ya ba bakin magana, wane ne kuma ya ƙirga ya wuce?

Wanda ya ɗauko mace guda daga irin wannan ayari ya sa ta a gabanmu da fuskarta shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana malamin makaranta a Bauci, shekara 24 kafin ya zama Firayim Minista a 1957. Shaihu Umar ɗan ƙaramin littafi ne, mutum na iya gama shi tsakanin azahar da magariba, amma ban san wani ƙagaggen labari na Hausa da ya fi shi nauyi ba. Shehin malami ne a Rauta, ɗalibansa suka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba su labari: maraya ne daga Kagara, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau, mahassada suka yi wa Makau sharri aka kore shi, cikin wannan rikici aka sace yaron, ya bi hannuwa har ya faɗa ga wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya ba shi ilmi. Sunan Umar littafin ke ɗauke da shi, amma a wurina uwar ce mai littafin. Ita ce ta bar gida ta bi sawun ɗanta gari gari, aka yaudare ta, aka mai da ta baiwa alhali 'ya ce, aka ja ta cikin rairayi zuwa ƙasar da ba ta jin harshenta, sa'ad da kuwa Allah ya haɗa ta da ɗan, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika. Hanya guda suka bi, ta kai ɗan ga malanta da daraja, ta kai uwar ga kabari. Mawallafin bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, bai la'anci kowa ba, ya bar Shaihu yana magana da natsuwar wanda ya sallama wa ƙaddara, kuma wannan natsuwa ita ce take sa abin ya fi shiga jiki, domin da ya yi kururuwa da mai karatu ya sami abin jayayya da shi ya huta.

Amma tambayar nan ta uku ba ta ƙyale Shaihu Umar ba. Sharrin da aka yi wa Makau mene ne? Cewa aka yi ya ɓoye waɗansu daga bayin da ya kamo a harin da sarki ya aika ƙasar Gwari. Ashe mutumin kirkin labarin, wanda ake so mu tausaya wa, shi ma da safe ya raba wata uwa da ɗanta, kuma littafin bai bi waɗannan manoma ko taki ɗaya ba, ya ƙirga su ya wuce kamar yadda Ibnu Batuta ya yi. Ko Tafawa Ɓalewa ya bar wannan da gangan ne domin mai hankali ya tsinta, ko kuwa idon zamaninsa ne bai kai nan ba, ga littafin nan kowa ya duba ya hukunta. Ni dai duk sa'ad da na zo wurin nakan tsaya.

Ganɗoki kuwa wani irin dandano ne dabam. Bello Kagara, wan Abubakar Imam, ya rubuta shi da harshen kirari da tambura, jimlolinsa na sukuwa, har in ana karanta shi a bayyane sai ka ga yara sun daina motsi. Rabinsa na farko yana tafe kan tarihi, yaƙe-yaƙen wajen Kwantagora da Bida sa'ad da Nasara suka shigo, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru wadda ta tuƙe a Burmi a 1903. Daga nan sai tarihi ya ƙare, aljannu su karɓa, jarumin ya shiga ƙasashen da takobi ke ci har yanzu. Na fahimci wannan juyi, har ma yana ba ni tausayi, domin takobin da bindiga mai ruwa ta kunyata a fili ba shi da sauran wurin nasara sai duniyar almara. Ƙarshensa ne bai gamshe ni ba, inda jarumin ya komo ya sami sabon zamani ya yi na'am da shi cikin sauƙi, ko da yake wanda ya tuna cewa hukumar gwamnatin Nasara ce ta buga littafin, mawallafin kuma malami ne a makarantarta, ba zai tsananta zargi ba.

Ku riƙe Kwantagora a zuci, domin za mu gan ta ta wata fuska. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito da Turanci a 1954 da sunan Baba ta Karo, bayan tsohuwar ta rasu a 1951. Baba ba ta yi karatun boko ba, ba ta wallafa kome ba, ba ta haihu ba ko da yake ta yi aure huɗu ta kuma yi riƙon 'ya'ya, amma ban karanta littafin tarihi da ya shigar da ni cikin gidan Bahaushe na ƙarshen ƙarni na 19 kamar nata ba: yadda ake ƙawance, yadda ake kunyar ɗan fari, yadda mace ke fita daga auren da ba ta so, yadda 'yan bori ke zaune gefe da malamai. A bakinta, Mai Sudan, watau Ibrahim Sarkin Sudan na Kwantagora, wanda ɓangarensa ke da jarumtaka a Ganɗoki, shi ne wanda mahayansa ke faɗa wa ƙauyuka su kwashi mata a gona, dangi su shiga tara wuri domin fansa. Dokin da Bello Kagara ya hau yana kirari, Baba tana ƙasa tana jin ƙarar kofatonsa. Abin da ya ƙara mini amincewa da ita kuwa shi ne ba ta wanke gidansu ba: ta faɗi cewa danginta ma suna da bayi a rinji, ta faɗi yadda suka watse bayan zuwan Nasara da hasarar da iyayenta suka yi, ta kuma faɗi sauƙin da talakawa suka samu da hare-hare suka ƙare, duka da murya guda, ba ta nemi ta daidaita su don ta faranta wa kowa ba.

Irin wannan haɗi na same shi kuma tsakanin Barth da Dorugu. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya yi yawo a ƙasashenmu daga 1850 zuwa 1855, ya shiga Kano a 1851, ya bar juzu'i biyar cike da sunayen garuruwa da farashin kaya da nisan zango, kuma dole a sara masa wajen tahƙiƙi, ko da yake karatunsa a jere sai mai haƙuri. Ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu ya ga farautar bayi da idonsa, bai kuwa ɓoye munin abin ba. Amma cikin masu yi masa hidima akwai wani yaro Bahaushe daga wajen Damagaram, Dorugu, wanda aka kama yana ƙarami aka sayar, abokin tafiyar Barth mai suna Overweg ya 'yanta shi, ya bi Barth har Tambutu, har Ingila. A can wani mai wa'azin Kirista, Schön, ya rubuta labarinsa da Hausa daga bakinsa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Shafukan Dorugu kaɗan ne in an gwada da na maigidansa, Hausarsa ta yaro ce, amma a nan ne za ka ji yadda kamun yake ga wanda aka kama, ka kuma ga Bahaushe yana kallon Turawa a teburin cin abincinsu yana mamakin al'adunsu, kamar yadda suka saba kallonmu.

Kada a ce na tsananta wa masu alƙalami da mulki, bari in kawo biyu daga cikinsu da suka yi abin da ba a saba gani ba. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, yana ɗan Shehu, yana kuma cikin jagororin yaƙin da yake ba da labarinsa, saboda haka ba wanda zai nemi ya zama ɗan ba-ruwana. Amma a cikinsa ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno, wanda ya tuhumi jama'ar mahaifin Bello da yaƙar Musulmi, yana kafa hujja da cewa saɓo ba kafirci ba ne, sa'an nan Bello ya biyo da nasa amsoshin. Bello ya yi haka ne domin ya rushe hujjar, amma sai da ya bar ta ta tsaya da ƙafarta tukuna, har ya zama yau mai karatu na iya jin ɓangarorin biyu daga littafin ɓangare guda. Baffansa Abdullahi na Gwandu kuwa, cikin Tazyinul Waraƙati na 1813, a kan nasa mutanen ya ba da shaida: ya ga waɗanda suka fito domin addini sun fara karkata ga tara dukiya da dawaki da ƙwaraƙwarai, zuciyarsa ta ɓaci, ya bar runduna da niyyar tafiya Gabas, sai mutanen Kano suka tsai da shi, ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan hukunce-hukuncen mulki. Tazyinul Waraƙati littafin waƙoƙi ne da sharhinsu, Larabcinsa kuma ba na masu farawa ba ne, amma ban san wani daga magabatanmu da ya bar mu muka ga ɓacin ransa a fili haka ba.

Akwai waɗanda zan ratsa da sauri. Jiki Magayi ya riƙe ni har ƙarshe, amma ramuwar Abubakar a kan Malam Shehu, wadda ta bi ta kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, ta bar ni da ƙunci, ban kuwa sake marmarinsa ba. Al-Ayyam na Ɗaha Husaini, makahon yaron ƙauyen Masar da ya haddace Alƙur'ani ya manta, ubansa ya titsiye shi ya ji kunya, duk wanda ya yi makarantar allo zai ga kansa a ciki. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, waɗansu sun raina shi da sunan adabin kasuwar Kano, ni kuwa na ga Rabi, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara ta koma sayar da abinci, 'yar'uwar Baba ce ta jini, sai dai wannan karon mace ce ta riƙe alƙalamin da kanta. Chinua Achebe kuma, cikin Things Fall Apart na 1958, bayan ya bi da mu rayuwar Okonkwo tun daga kokawarsa har rataye kansa, sai ya rufe da Di'o yana lissafin ɗan gurbin da zai ba wannan mutum cikin littafin da yake shirin rubutawa a kan ƙabilun yankin. Achebe ya san tambayar nan ta uku sarai, da ita ya gina littafin.

Wanda ke hannuna yanzu shi ne Mi'irajus Su'udi na Ahmad Baba mutumin Tambutu. Shi wannan malami ya ɗanɗani kamu da kansa, domin bayan rundunar Maroko ta ci Songhai a 1591, an tafi da shi Marrakush cikin mari a 1594, bai komo gida ba sai 1608. A 1615 ya amsa tambayar da mutanen Tuwat, zangon nan da ayarin Ibnu Batuta ya nufa, suka aiko masa a kan bayin da ake kawo musu daga ƙasashen baƙar fata, wane ne ya halatta a mallaka. Amsarsa ta ƙunshi abubuwan da suka faranta mini rai ƙwarai: ya rushe da'awar masu cewa baƙar fata ita ce sababin bauta saboda wai la'anar da ta bi zuriyar Hamu, ya tabbatar da cewa mutanen Barno da Kano da Katsina da Songhai da Mali Musulmi ne tun da daɗewa, mallakarsu haramun ce, ya kuma goyi bayan fatawar cewa wanda ya ce shi ɗa ne daga irin waɗannan ƙasashe a gaskata shi har sai mai da'awar mallaka ya kawo hujja. Da an yi aiki da wannan fatawa, da uwar Shaihu Umar da Dorugu ba su kwana a hannun kowa ba. Sa'an nan sai malamin ya juya, da irin wannan natsuwa da wannan tahƙiƙi, ya jero sunayen al'ummun da ya ce ba su musulunta ba, su Mosi da Gurma da waɗansunsu, waɗanda hukuncin kariyar bai haɗa da su ba, iyakar abin da ya nema musu shi ne wanda ya mallake su ya kyautata musu. Faƙihi ne yana amsa mas'ala cikin iyakokin mazhabar Malikiyya ta zamaninsa, ba kuwa zan auna shi da mudun da bai sani ba. Amma na karanta jerin farko ina murna domin na ga sunan garuruwanmu, na zo jeri na biyu na ga sunan maƙwabtanmu, waɗanda jikokinsu ke zaune da mu yau a zangon Kumasi da kasuwar Yamai, muna sahu ɗaya da da yawansu a masallaci.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga ladan ya miƙe.